Matar da ke Daka a Baya

Da girma na yi karatu, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa matan aure a firamaren unguwarmu ta Kawo, da yamma bayan yara sun tashi. A kan bencinsu muke zama, gwiwoyinmu na tokare da teburi. Da hannunmu ya fara faɗawa, malamarmu ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta. Na rubuta na kowa, na bar layin farko ba komai. Ta tsaya a kaina ta ce, "Kin tsallake ɗaya." Na ce, "Malama, yana nan, ba ya rubutuwa ne." Matan ajin suka kwashe da dariya, don duk sun gane.

Ɗan farina ne. A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta zura masa ido a gaban mutane. In ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi, ke kuwa ki ci gaba da aikinki, ko da zuciyarki ta faɗi tare da shi. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta tafi da shi Katabu, sai da ya isa makaranta aka dawo mana da shi. Ya dawo yana kirana Yaya, yadda ya ji ƙannen babansa na kirana. Ƙannensa na cewa Umma, shi yana Yaya. Ni kuma in zan kira shi sai in ce "kai", in zan yi zancensa in ce "yaron nan". Yau ga furfura ta fara leƙo masa, har yanzu yaron nan ne.

Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da wata mata mai suyar waina a ƙofar gida. Bazazzagiya ce, mai jiki, mai murya, irin wadda in ta yi miki raɗa sai an ji a masallaci. Manya na ce mata Mai Waina, yara na ce mata Gwaggo. 'Ya'yanta duk mata ne, saboda haka ta ɗauki yaron nan ta mai da shi nata, ni kuma na ji daɗi, don abin da ba zan iya yi masa ba ita tana yi. Ba wai ba ma magana da shi ba ne, muna yi. Amma in maganar tana da ɗan nauyi, sai ya tsaya tsakar gida ya kalli katanga ya ce, "Gwaggo, a gaya wa Yaya zan tafi Zariya gobe." Ina zaune a wurin. Sai in ce, "A gaya masa Allah ya tsare." Ita kuma ta maimaita wa kowannenmu, ta ƙara nata gishirin.

Babansu, Malam, tela ne a Babbar Kasuwa. Da yaron nan ya gama sakandare bai samu wucewa gaba ba, sai ya zaunar da shi kan keken ɗinki. Ba a daɗe ba Malam ya dawo gida yana ƙorafi.

"Yaron nan ba ɗinki yake ba. Kiɗa yake min da keke. In ya taka ya taka sai ya tsaya, wai yana jiran amshi. Riga ɗaya tun safe, kuma hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Ashe a lokacin ya haɗu da wani abokinsa mai fiyano, ɗan wani ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi, suna shiga ɗakin baya suna buga abinsu. Sai muka ga ya tara suma ya aske gefe da gefe, kan ya tashi tsaye kamar an kifa masa gwangwanin madara. Ya kuma raɗa wa kansa wani suna na Turanci. Wannan sunan ma ban taɓa faɗinsa ba, shi kam ba don kunya ba, bakina ne ya ƙi.

Ranar da ya ce waƙa zai yi, Malam ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Mu ba maroƙa ba ne. Kakanka fatauci ya yi, ni ɗinki na yi."

"Baba, ba roƙo ba ne. Ba na wasa kowa. Disko ne."

"Wa ke ba ka kuɗi in ba ka wasa kowa ba?"

"Kaset za a saya."

"To ka ji," in ji Malam, yana kallona. "Maroƙin ma da ba shi da ubangida."

Na ci gaba da cin abincina. Ko ina da abin faɗi, ba a kan yaron nan zan faɗe shi ba.

Waƙarsa ta farko a cikin bas na fara jin ta, ina hanyar kasuwa. Direba ya saka kaset, sai ga wani kiɗa kamar ana zuba tsakuwa a langa, sai ga murya. Tun kafin ta gama kalmar farko na san ta, ai murya ce da na san kukanta.

'Yar Unguwar Rimi, leƙo ta taga,
karenku ya ƙi karɓar sallama.

Motar duk ta ɗauka. Yaron mota na buga ƙofa yana amshi, wani dattijo mai buhun albasa yana kaɗa kai yana cewa yaran zamani sun lalace, ƙafarsa kuwa tana bin kiɗan. Matar da ke kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "Baiwar Allah, kin ji ɗan banzan yaron nan? Ko ɗan waye oho." Na ce, "Oho." Na juya ina kallon gadar Kawo kamar yau na fara ganin ta. Har na wuce inda zan sauka.

Waƙar ta bi gari. Mai shayi na saka ta, mai gyaran rediyo na gwada rediyon mutane da ita, 'yan mata masu talla na rera ta. Daga nan aka ce za a yi mata bidiyo a nuna a talabijin. Lokacin sai la'asar ake buɗe tasha, kuma talabijin ɗaya ce a gidanmu, ta Mai Waina, mara kala. Ranar da za a nuna, ta fito da ita tsakar gida ta ɗora kan turmi, unguwa ta cika mana gida. Ni na ɗauko faranti na zauna bakin ƙofar ɗakina ina tsintar shinkafa, na ba talabijin gefe.

Da wutsiyar ido na gani. Ga shi cikin wata riga mai walƙiya, a zaune a motar aro, hannu ɗaya a waje. Daga baya muka ji motar ba ta tashi, abokansa ne ke turawa daga baya, shi ya sa a wani wurin ake ganin kan mutum yana leƙowa ta bayan gilashi yana haki. Karen da aka samo don ya kore shi kuwa na mai gadin gidan da aka ɗauki hoton ne, tsoho, da aka sake shi sai ya zo ya kwanta a ƙafarsa. Dole yaron nan ya ruga da gudu shi kaɗai, kare na kallon sa. Tsakar gida ta kaure da ihu. Ranar shinkafar da na dafa har Malam ya tambaya ko daga bakin titi na kwaso ta.

Malam bai sauko ba sai da samari suka fara zuwa shagonsa suna cewa a ɗinka musu irin rigar mai waƙar kare. Shi ne ya ɗinka ta asali, bisa zaton ta wani mai biki ce. Daga nan ya daina cewa maroƙi, ya koma cewa "mutumin naku".

Aka yi ta biyu, aka yi ta uku, wata ta karɓu wata ta kwanta. Ana kiran sa bikin makarantu, ana kiran sa Zariya, har Jos ya je. Sai wata rana da hantsi ya shigo ya tsaya ya kalli katanga.

"Gwaggo, a ba Yaya wannan. Sabuwa ce, ba ta fita ba tukuna."

Mai Waina ta karɓi kaset ɗin ta miƙo min. Na ce a ajiye a kan taga. Ya kwana biyu a kan taga, duk wanda ya wuce ya gan shi a wurin. Abin da ba su sani ba, da Malam ya tafi kasuwa, yara sun tafi makaranta, sai in ɗauke shi in shiga ɗaki in saka a rediyon Malam, in rage murya, in danne da matashi, in kara kunnena.

Ta san takuna tun daga zaure,
ta ɓoye min nama ƙarƙashin tuwo.
In na yi zazzaɓi ba ta tambaya,
sai in ga kunu a bakin ƙofa.

Ashe ya sani. Shekara da shekaru ina tura tsokar nan ƙasan tuwonsa in lulluɓe, ina zaton yana ɗauka kuskuren ludayi ne. Na ji waƙar na sake ji, har na iya ta tun daga farko har inda fiyano ke yin wani kuka a ƙarshe. Kafin azahar in mayar da kaset kan taga yadda yake. Malam ya yi ta faɗa a kan batiran zamani, wai yanzu ba sa kwana biyu, har ya je ya yi wa mai shagon tas. Ni dai na daina bi ta gaban shagon.

Sai aka aiko ta bakin Mai Waina cewa za a yi bidiyon wannan waƙar a gidanmu, kuma ni ake so in fito. Na ce a gaya masa ni ban iya ba. Aka ce ba wani abu ba ne, zama kawai zan yi. Na yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin amsa. Gaskiya ina so. Waƙata ce, ni aka yi wa. Na fito da atamfata ta ƙasan akwati na shanya ta sha iska.

Ranar Asabar masu ɗaukar hoton suka zo da safe, da kyamara a kafaɗa da wayoyi kamar za a ɗaure shanu. Babbansu wani saurayi ne siriri mai hular hana-salla, ana ce masa darakta. Yana da ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Daga baya na ji ashe auta ne a gidansu, har ya yi gemu yana kwanciya a cinyar uwarsa. Da na ji haka na yafe masa komai.

Ya zaunar da ni kan kujera 'yar tsugunno a tsakiyar gida. Ya ce, "Mama, abu mai sauƙi ne. Zai shigo daga zaure yana waƙa, kamar ya dawo daga tafiya mai nisa. Ke kuma ki ɗago ki kalle shi, ki kira sunansa da ƙarfi, ki tashi ki rungume shi. In hawaye ya zo, ki bar shi ya zo."

Na ce, "Wa zan rungume?"

"Shi."

"Shi wa?"

Ya nuna yaron nan, wanda ke tsaye bakin zaure yana nazarin takalminsa.

Maƙwabta sun cika katanga, har da masu hawa kan buhun gawayi. Aka kunna waƙa, yaron nan ya shigo yana motsa baki. Na ji takunsa. Wuyana da kansa ya juya, na tsinci kaina ina kallon tulun ruwa.

"Tsaya! Mama, nan za ki kalla, ba tulu ba."

Aka sake. Wannan karon na kalli akuyar Mai Waina.

"Mama, akuya ba ta cikin waƙar."

Aka sake. Na daure na ɗago har na kai ga gwiwarsa, na tsaya a nan. Darakta ya ce to a bar kallon, a gwada kiran sunan. Na buɗe baki, matan kan katanga suka yi tsit suna jira su ji abin da ba su taɓa ji ba. Na ce, "Kai."

Katanga ta kusa faɗuwa don dariya. Darakta ya cire hula ya share zufa.

"Mama, don Allah. Kyamara ba ta san kunya ba. Abin da ta gani shi take ɗauka. In kin kau da kai, mutane za su ce ba kya son sa ne."

Nan Mai Waina ta ajiye cokalin suyarta ta shigo fili tana gyara ɗaurin zane.

"Kai ɗan nan, matsa in nuna mata. Ke dai kalle ni. Abin da ba ya gagara!"

Aka kunna waƙa. Tun kafin yaron nan ya gama fitowa daga zaure ta ƙwala kiran sunansa, har tattabarun maƙwabta suka tashi. Ta ruga ta cafke shi, ta ɗaga shi ƙafarsa ta bar ƙasa, ta fashe da kuka da hawaye na gaske, tana shafa masa suman nan tana cewa, "Ɗana, ɗana, ina ka shiga?" Mutumin da ta gani da safe yana goge baki a bakin rariya.

Darakta ya tafa hannu. "Wannan ita ce uwa! Ita za mu ɗauka."

Ya juyo wurina da ladabinsa ya ce ko zan ara mata atamfar, don tata duk mai ne. Na shiga ɗaki na cire na miƙo mata, na ɗaura zanen aikina. Ina fitowa na iske yaron nan a bakin ƙofata. Bai kalli katanga ba, bai kira Gwaggo ba. Ƙasa ya kalla, ya yi magana a hankali.

"Shi ke nan, Yaya, ki huta. Dama na san ba kya son harkar nan. Ban kyauta ba da na sa ki a gaban mutane."

Ya juya. Maganar tana bakina, amma ba ta da ƙofar fita. Yadda ya ɗauka ke nan, wai kunyar sana'arsa nake ji, ba kunyarsa ba. Ni kuwa ban san ta inda ake gaya wa ɗan fari bambancin ba.

Ina tsaye sai darakta ya ce bayan hoton ya yi fayau, gidan bai yi kama da gida ba, a samu wata ta riƙa daka daga can baya. Ya duba ya duba, idonsa ya faɗo kaina. "Mama, ko za ki taimaka?" Aka sauke min turmi can kusa da madafa, na zuba gero. Haka aka ɗauki bidiyon waƙata: Mai Waina a gaba cikin atamfata tana kuka, ni a baya ina daka. Geron dai ya daku, da shi na yi fura.

Da bidiyon ya fita a talabijin, waƙar ta fi ta kare tashe. Mata ne suka riƙe ta. Mai Waina kuwa ta wayi gari ta zama uwar mawaƙi. Wainarta ba ta kai hantsi. Mutane na zuwa tun daga Unguwar Kanawa da Badarawa su saya, don dai su gan ta. A bas ana tashi a ba ta wuri. Wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta aiko mata da sabulu da turare, wai Allah ya yi wa mai tarbiyya albarka. Da farko in an ce mata "Sannu, uwar mawaƙi," sai ta yi dariya ta ce, "Ai ɗan kowa ne." Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma cewa, "Yauwa, sannunku." Daga nan sai labari ya fara tsiro.

Wata safiya ina shara a zaure na ji ta tana ba masu saye labari.

"Ranar da aka haife shi, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Na ce yaron nan da ƙara ya zo, da ƙara zai yi suna."

Na leƙa na ce a hankali, "Da rani ne."

"Na'am?"

"Da rani aka haife shi. Ana zafi."

Ta juya ga masu saye ta ce, "Maƙwabciyata ce, tana wurin. Ita ta riƙe min fitila."

Na koma na ci gaba da shara. Ba sabulun ne ya dame ni ba, ta ma raba da ni, har turaren. Abin da ya dame ni kwanon yaron nan. Tun ranar ɗaukar hoton ya rage cin abincin gida. In na rufe masa tuwo na aika ɗakinsa na zaure, da safe kwanon ya dawo yadda ya tafi, in ɗaga tuwon in ga naman yana nan inda na binne shi. Yana gaishe ni kullum, ya durƙusa har ƙasa, amma gaisuwar ta yi tsawo ta yi kyau, irin wadda ake yi wa surukai. Na ce da Mai Waina ta tambaye shi ko miyar ce ba ta yi masa ba. Ta dawo ta ce ya ce miya lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Ana haka aka yi suna a gidan wani ɗan kasuwa a Unguwar Kanawa, abokin cinikin Malam. Aka gayyace mu, aka kuma gayyaci Mai Waina gayyata ta musamman. Maigidan yana da na'urar bidiyo da talabijin mai kala, ya roƙi yaron nan ya kawo kaset ɗin a nuna wa mata da rana bayan an ci abinci. Aka shimfiɗa wa Mai Waina darduma a gaba, ta zauna cikin atamfata, don har lokacin ba ta dawo da ita ba. Ni na samu wuri can baya kusa da masu wanke kwanuka. Yaron nan ya shigo kansa a ƙasa, ya tsugunna gefen talabijin yana haɗa wayoyi, ya kunna.

Ban taɓa ganin bidiyon da kala ba, kuma ban taɓa kallon sa gaba da gaba ba. Mata na ta "Allah sarki", wasu na share ido da bakin gyale, Mai Waina na gyaɗa kai tana karɓar gaisuwa. Sai wata tsohuwa Basakkwata, kakar maijego, da ke zaune dab da talabijin tana taunar goro, ta ɗaga hannu.

"Kai yaro, tsai da abin ga."

Ya tsayar.

"Wagga mai kuka, wa ta ce ita ta?"

Aka ce, "Inna, uwarsa ce. Ga ta nan zaune."

Tsohuwa ta juyo ta auna Mai Waina tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Shi na ɗanki na fari?"

Mai Waina ta ce, "E to... kusan haka."

"Kika kira sunanai gaban duniya, kika ɗauke shi sama kamar buhun gero? A'a. Yaro, mai da shi baya. Ni wata na gani."

Ya mayar da kaset baya, mutanen ciki suka yi ta gudu da baya, mata na dariya. Ya sake kunnawa. Tsohuwa ta sa yatsa a kan gilashin, can sama a kusurwa, inda wata mata ke daka cikin zanen aiki.

"Ku bar kallon mai kuka, ku dubi wagga. Ga shi zai juyo... kun gani? Ta kau da kai. Ya ba ta baya, ta ɗago tana kallo nai. Ga shi zai sake juyowa... ta koma ga turmi. Wa ke yin haka ga ɗan maƙwabta?"

Wata daga gefe ta ce, "Lah, ku kalli bakinta! Waƙar take bi!"

Aka ce a sake mayarwa. Aka sake. Ga ni nan ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, amma ba wanda zai ce bai ga bakin ba. Kowace kalma tana fita a kan lokacinta, tabarya na sauka daidai da kiɗa, waƙar da a ranar ɗaukar hoton ko fita kasuwa ba ta yi ba. Ni kaina ban san na yi ba. Na ja gyale na rufe fuska, wanda hakan ne ma ya tona ni, don matar da ke kusa da ni ta ƙwala ihu, "Ga ta nan! Ga mai dakan nan!"

Gida ya ɗauki guɗa. Mai Waina ba ta ko girgiza ba. Ta miƙe ta gyara atamfa ta ce, "To ni dama na ce na haife shi? Cewa na yi na goya shi. Ku tambaye ta, wa ya koya mata tsayuwa gaban kyamara?" Ta ratso mata ta kamo hannuna ta ja ni har kan darduma, ina tirjewa. Tsohuwa ta ɓare goronta ta ba ni rabi ta ce, "Zauna, ɗiyata. Kin yi daidai. Daka ma kin iya."

Ta ƙasan gyale na saci kallon gefen talabijin. Ba wanda ya ce a sake mayarwa, amma yaron nan ya mayar, ya matso da fuskarsa har hancinsa na kusan taɓa gilashi. Da ya ji kamar ana kallon sa ya waiwayo. Na kalli darduma.

Da magariba na tuƙa tuwo, na zaɓi tsoka na tura ƙasa na lulluɓe, na aika zaure. Da safe kwanon ya dawo har an suɗe gefensa. Ina wanke shi a bakin rariya, Mai Waina na haɗa ƙullu, sai ga shi ya fito da buta. Ya tsaya tsakar gida, ya kalli katanga.

"Gwaggo, a gaya wa Yaya, a baiti na biyu ta riga kiɗa shiga."

Na ci gaba da cuɗa kwano. Na ce, "A gaya masa ni daidai na shiga. Mai fiyanonsa ne ya makara."

Mai Waina ta dube shi ta dube ni, ta tsoma hannu cikin ƙullunta.

"Ku gaya wa juna," in ji ta. "Ni na yi ritaya daga uwa. Atamfar dai ba zan mayar ba."